Gonar da Na Ba Ƙanen Matata

Shekarar da ruwa ya cinye mana hatsi a Dogarawa, mutum biyu suka zo daga buro, wato ofishin gwamnati, da littafi da igiyar awo. Nan take na gano su. Da farko, gwamnati ba ta zuwa gona don gaisuwa. Na biyu, mai rubuta suna lanho, wato haraji, yake nema.

Suka ce, "Baba, gonar ga ta wa ce?"

Na gyara hula na ce, "Ta Illa ce, ƙanen matata."

Na koma gida na yi wa matata bayanin dabarata daki-daki, ta dube ni kawai.

Ashe rubutun na taimakon waɗanda suka yi asara ne. Buhunan shinkafa da na iri suka sauka ƙofar Illa.

Har yau in na saɓa hauya, sai Illa ya ɗaga murya: "Mijin yaya, a nome mini ita da kyau!"