Ranar da Motar Surukina Ta Kashe wa Liman Ido

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka kai Ummi ɗakin mijinta ba, kuma ko na so in manta mutanen Digil, garin surukina, ba za su bar ni ba. Ummi ƙanwar matata ce, autar gidansu, ni kuma ni aka ba tuƙin motar amarya. Amma bari in fara da motar, tunda ita ta tona min asiri.

Surukina, wanda kowa ke kira Bappa, yana da wata tsohuwar jar mota, irin wadda fitilunta ke ɓuya a cikin bonet. Ka murɗa makunni idanun su ɗago, ka kashe su koma su kwanta lif. A Digil Mai Barci ake ce mata. Motar nan ta girmi wasu malaman da muke koyarwa tare, amma duk Juma'a Bappa da hannunsa yake wanke ta. 'Ya'yansa mata biyar ne, huɗu duk a cikinta aka kai su gidan miji, har da tawa Hajara. Burinsa ɗaya ya rage: ta kai ta biyar, sannan ta huta.

Mu nan da rana muke kai amarya, bayan la'asar, don 'yan rakiya su komo da wuri. Kuma duk motar da ke cikin jerin sai ta kunna manyan fitilu da dabul sigina, ko rana na dukan tsakiyar kai. Motar amarya ce a gaba. Ta shiga garin miji ido a rufe? Ai abin magana ne na shekara guda.

Saura mako ɗaya biki idon dama ya ƙi tashi. A murɗa makunni na hagu ya ɗago shi kaɗai, na dama ko motsi. Muna zaune a tabarma mu surukai huɗu Bappa ya ce gobe za a kai ta wurin Zira, mai gyaran wutar motan nan mutumin Michika da ke unguwarmu Lokuwa a Mubi, wanda ya fi shekara ashirin yana duba ta.

To a nan ne shaiɗan ya zauna min a wuya. Ka ga, shekara tara ina auren Hajara, Bappa bai taɓa kira na da wani suna ba. Babban surukinsa mai fataucin shanu Alhaji yake ce masa. Na biyu Likita (kemis fa kawai yake da shi, allura ma ba ya yi). Na uku Soja. Ni kuwa "wancan na Hajara". Abin yana ci min rai, ba na dai faɗa. Sai kawai na ji bakina yana cewa:

"Bappa, ai wannan ba sai an je wurin Zira ba. Abin da nake koyarwa kenan kullum."

Ban yi ƙarya ba, malamin fizik ne ni a sakandare. Sai dai wutar da nake koyarwa ta alli ce: batir ɗaya, ƙwai ɗaya, makunni ɗaya, a zana a allo a goge. Bappa ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce, "To," ya miƙo min makulli.

Da na faka motar a ƙofar gida, Hajara ta leƙo ta ga abin da na kwaso. Ta ce, "Malam, fankar ɗakinmu fa tun da ka gyara ta baya take juyawa."

Na ce mata wannan daban, wancan daban.

Washegari na cire riga na buɗe bonet. Wayoyi ne cunkushe kamar taliyar da ta kwana a tukunya. Na fara da fis, lafiyarsa ƙalau. Na gano wani ɗan abin murɗawa a kan ƙaramin injin da ke ɗaga fitilar, na murɗa da hannu, ido ya tashi a hankali. Na jawo waya daga batir na taɓa wa injin, ya yi ƙara ya juya. Ke nan injin da ransa, saƙo ne ba ya isowa gare shi. Na bi wayoyin da yatsa har na iske inda ɓera ya yi biki (kusa da buhunan gyaɗa Bappa ke ajiye motar). Wallahi har zuwa nan daidai nake, kuma abin da ya lalata ni kenan, don kaina ya kumbura ya fi ƙarfin hulata.

Wayoyi uku ɓeran ya ci, kuma tsufa da baƙin mai sun mai da su launi ɗaya. Biyu na haɗa da tabbaci. Ta ukun na juya ta, na juya ta, na ga bakuna biyu a kusa da za ta iya shiga. Sai na yi abin da nake hana ɗalibaina a jarrabawa: na haɗa ta da duka biyun, in ɗaya bai yi ba ɗaya ya yi. Na naɗe da salatif har ya yi ƙulli. Na murɗa makunni, idanu biyu suka ɗago tare. Na kashe suka kwanta. Sau biyar na yi, sau uku daga ciki don maƙwabta su gani ne.

Ina cikin haka Zira ya zo wucewa a babur, ya ga Mai Barci ya tsaya. Ya leƙa ƙullin salatif ɗina bai taɓa ba.

"Malam, ka gwada duka? Hon, birki, sigina? Motan nan tsoho ne, wayansa duka hanya ɗaya yake bi. Rile ɗin ma, mai sakar wa injin fitila wuta, ya gaji, na faɗa wa Baba tun bara."

Na goge hannu da tsumma na ce, "Oga Zira, mu fa a littafi muka karanta abin nan."

Ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a," ya tayar da babur ɗinsa. Ni kuma na mayar da motar Digil ban taɓa sigina ko sau ɗaya ba. (A Mubi wa ke sa sigina? Hannu muke fitarwa.)

Ranar Asabar 'yan mata suka yi wa motar kwalliya. Suka ɗaure bonet da ribon gicciye, suka ɗora wani tulin furen roba da balam-balam a ɓangaren dama, har daga kujerar direba ba na hango kusurwar. Amarya ta shiga baya a lulluɓe tana ta kuka, ƙawayenta biyu suna riƙe da ita. Goggo Dija, ƙanwar Bappa, mace mai zafi, ta zauna a gaba. Bappa ya fito ƙofar gida, ya ɗora tafinsa a rufin motar, ya yi addu'a da Fillanci, sannan ya ce min, "A kai ta lafiya." Har yau ban san 'yar yake nufi ko motar ba.

Na kunna fitilu, na danna dabul sigina, muka kama hanyar Vimtim, garin ango. Hon ta ko'ina, mata na rangaɗa guɗa, ba ka jin komai. Tun kafin mu fita Digil na lura mutane na nuna mu suna dariya. Masu babur su wuce mu su waigo, har wani ya kusa faɗawa gonar masara. Ni kuwa na fitar da hannu ta taga ina ɗaga musu kamar ɗan takara.

Goggo ta ce, "Kai, mutanen nan me suke wa dariya?"

"Murna ce, Goggo. Ba su saba ganin irin motar nan ba."

A ƙofar gidan ango an shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin dalbejiya. Dattawa sun cika, uban ango, liman a tsakiya da farin rawani, ga maƙwabtansu Kirista da fastonsu sun zo taya murna. Ga filin ajiye mota nan a gefe, amma na ƙi. Na kai hancin motar daf da tabarma, saitin liman, don kowa ya ga aikin hannuna. Na fito ina saɓa babbar riga.

Ba wanda ke kallona, duk gaban motar suke kallo. Na zagayo na duba.

Idon hagu a buɗe yake tar, cikin mutunci. Na dama kuwa tashi yake ya kwanta, ya tashi ya kwanta, yana ɗan kuka zuu-ƙat, zuu-ƙat. Motar surukina, ɗauke da amarya, tana kashe wa liman ido a gaban jama'a. Kuma tun daga Digil haka take yi wa duk wanda muka gamu da shi.

Na ruga na kashe sigina, ba ta daina ba. Na kashe fitilu, na hagu ya kwanta, na dama ya samu fili shi kaɗai. Na zare makulli gaba ɗaya, na riƙe shi a sama kamar ina nuna wa motar, ko a jikinta. (Daga baya Zira ya yi min bayani: wayar sigina na haɗe da wayar da ke ba fitila umarni, rile ya sha duka har ya yi zafi ya manne, injin kuma kai tsaye daga batir yake shan wuta.) In buɗe bonet in cire kan batir? An ɗaure shi da ribon tamau, sifana kuma tana Lokuwa.

Sai liman ya ɗaga hannu zai fara addu'a, amarya kuma ba ta sauka sai an shafa. Na nemi duk ilimin da na tara, abin da ya ba ni shi ne nauyi. Na juya baya na zauna a kan idon, na ɗaga hannuwa kamar kowa.

Ashe ƙaramin injin nan ƙarfi gare shi. Liman ya roƙi zaman lafiya, na yi sama. Aka ce amin, na dawo ƙasa. Ya roƙi zuri'a ta gari, na sake yin sama. Na ga fasto ya sunkuyar da kai kafaɗunsa na rawa. Uban ango ya cusa bakin rigarsa a baki. Can sai na ji motar kanta tana girgiza a bayana: amaryar da ta taho tana kuka tun Digil ce take dariya a cikin mayafi, har da shessheƙa. Sannan na ji ƙarr-ƙarr-ƙat a ƙarƙashina, komai ya tsaya. Na miƙe, idon ya riƙe gefen rigata, ta yage har cinya.

Liman ya shafa addu'a a natse, ya dubi motar, ya dube ni.

"Malam, gajiya ta yi ko tuba?"

Wurin ya fashe da dariya. Goggo Dija ta sauko ta faɗa min wata magana da Fillanci wadda ban nemi fassararta ba.

Washegari da sassafe na kai wa Zira motar, kaina a ƙasa. Bai yi min gori ba, kuma wannan ya fi min ciwo. Ya yanke ƙullin salatif ɗina, ya raba wayoyin, ya kankare tsatsar inda baƙar waya ke kama jikin ƙarfe, ya sa sabon rile, duka kafin shayinsa ya huce. Sai ya buɗe ƙaramin injin fitilar ya zazzago min haƙoran giyar roba a tafin hannu.

"Wannan kam nauyinka ne, Malam. Kuma ba a samun shi."

An nema a Mubi, an nema a Yola, an aika Kano, babu. Dole Zira ya ɗaga idon da hannu ya tokare shi, ya zauna a buɗe dindindin.

Da na mayar da ita Digil, bidiyon da aka ɗauka a waya ranar ya riga ni isa tuni. Bappa ya zagaya motar a hankali, ya sa yatsa ya shafa idon da ba zai sake rufuwa ba. A nan dariyar ta fita daga kaina, na ji kunya ta gaske, don abin da tsoho ya tattala shekara da shekaru na lalata saboda son a yabe ni.

"Ummi ta sauka lafiya?"

"Lafiya lau, Bappa."

"An ce ta yi dariya."

"Ta yi, Bappa."

"Sauran huɗun da kuka suka shiga." Ya karɓi makullinsa ya sa a aljihu. Fuskarsa ko alamar murmushi babu ya ce, "Sannu da aiki, Injiniya."

Shekara tara ina neman suna a gidan nan, ga shi na samu. Yanzu daga Digil har Vimtim haka ake kira na, har liman in mun haɗu a kasuwa.

Abin da na koya shi ne, in mai sana'a ya tambaye ka ko ka gwada duka, ka ajiye littafinka ka je ka gwada duka. Yanzu ko tocila ce ta mutu a gidana, wurin Zira nake kai ta. Mai Barci kuma ta yi ritaya a rumfar Bappa, kuma duk ranar da na je gaisuwa tana nan tana kallona da ido ɗaya. Fankar ɗakinmu har yau baya take juyawa. Na ce zan duba ta, Hajara ta ce, "Bar ta haka, Injiniya, mun saba."