Bututun da na liƙe wa baki

Ko na so in manta, ba zan taɓa mantawa da ranar da na hana coci guda yin waƙa ba.

Gyaran lagireton mota nake yi a bakin iyakar Jibiya. Duk inda na ga rami a jikin ƙarfe, hannuna ƙaiƙayi yake.

Wata coci a Maraɗi ta ba 'yar cocinmu ta wajen Gangara tsohon ogan ɗinta, abin kiɗan nan mai bututu hamsin da 'yan kai, wanda ake zuga wa iska kamar zugazugin maƙeri. Babana ya taɓa jin sa yana saurayi. Idonsa ya tafi, ƙarfinsa ya tafi, amma kullum zancensa ke nan: "Babban bututun nan, a ƙirji ake jin shi, ba a kunne ba."

'Yan kwastan suka tsare motar da ta ɗauko shi kwana biyu saboda takardu, aka ajiye kayan a rumfata. Na buɗe, sai na ga kowane bututu a tsage daga ƙasa. Wuri ɗaya, siffa ɗaya. (Ko jaki zai tsaya ya yi tunani. Ni dalma na ɗauko.) Na liƙe su duka, na goge har suna ƙyalli, ban gaya wa kowa ba don kada ladana ya ragu.

Da aka saki motar, aka kai kayan coci aka harhaɗa. Ranar Lahadi na goyo Baba a babur, na zaunar da shi a kujerar gaba. Malam Isuhu, makaɗin da ya biyo kayan, ya danna ogan ɗin. Shiru. Aka ƙara zuga, sai wani huci kamar tayar da ta sace.

Baba ya taɓa gwiwata. "Ɗan nan, sun fara?"

Malam Isuhu ya zaro bututu ɗaya, ya juya shi. "Wa ya rufe masu baki?"

Na miƙe tsaye. (Wallahi har lokacin godiya nake jira.) "Ni ne, Malam. Na gyara inda suka fashe."

"Ta nan suke magana, maigyara!"

Mata suka cusa fuska cikin zane. Baba bai yi dariya ba, ya ce, "Ba komai, sai wata Lahadin."

Aka mayar da kayan Maraɗi don gyara. Kafin su dawo, mun binne Baba.

Yanzu duk Lahadi ni ke zuga iskar, babban bututun yana ratsa ƙirjina, ina kallon kujerar gaba. Kuma in aka kawo mini ƙarfe mai rami, sai na tambayi mai shi tukuna: "Wannan fashewa ce, ko haka aka yi shi?"