Ranar da Na Kayar da Surukina a Gonar Masara

Ba zan taɓa mantawa da wannan Asabar ba, ko da kuwa zan manta lambar wayata. Ranar ce na rungumi surukina, dattijo mai furfura, na kai shi ƙasa a tsakiyar gona, alhali wata huɗu kacal da ba ni 'yarsa.

Baba Alhaji tsohon ma'aikacin gandun daji ne, gidansa na Unguwar Kanawa. Ni kuwa ma'aikacin ofis ne, gwanintata ba ta wuce jera fayil da buga hatimi ba. Wata Juma'a na je gaishe shi, na tarar yana goge bindigarsa. Irin wadda ake ɗurawa ta baki ce, kamar ta mafarauta, sai dai ta zamani ce, da lasisinta da komai. Ya ce birai sun addabi masararsa a can gaba da Kawo, gobe zai je ya yi musu magana da yaren da suke ji.

Sai ya ɗago ya ce, "Malam, ka taɓa riƙe bindiga kuwa?"

Da na ce a'a, da an wuce wurin. Amma bakina ya riga hankalina. Na ce, "Ai Baba, sosai ma." (Tsakani da Allah, iyakar sanina da bindiga bidiyo ne a waya, sai ta roba da na yi wasa da ita da sallah ina yaro.) Sai ya ce to in shirya, gobe tare za mu tafi. Da na koma gida Malali na ba matata labari, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai ɗin da ƙadangare ke kora daga banɗaki?"

Da safe muka tafi mu uku, har da Malam Ɗanjuma, aminin Baba, tsohon maharbi wanda bakinsa ba ya hutawa. A gona Baba ya buɗe wani gwangwani ya yi mini bayani. Ashe harsashin wannan bindiga ba ya shiga tsirara, sai an sa shi a 'yar rigar roba wadda za ta riƙe shi daidai cikin bututun. Ƙaramin harsashi rigarsa koriya ce mai kauri, babba kuma baƙa ce marar kauri. "Kowanne da rigarsa," in ji Baba. Ya nuna mini wani zane a jikin sandar ɗuri, ya ce in zanen ya daidaita da bakin bindiga, harsashi ya zauna ke nan. Ni dai sai gyaɗa kai nake kamar wanda ya gaji abin, alhali rabin maganar ta bi iska. Ya auna albarushi da kansa ya zuba, ya miƙo mini in ƙarasa, suka tafi duba ɓarnar da aka yi musu.

Nan na kawo hikimata ta ofis. Na ce babban biri sai babban harsashi, babban harsashi kuma ai sai riga mai ƙwari. Na cusa ƙaton cikin koriyar, na kafa a baki, na danna. Da ƙyar ya shige. Na bi shi da sanda, ya yi rabin hanya ya ce nan gani nan bari. Na danna da hannu biyu, na ɗora duk nauyina har idanuna suka yi ja, ko motsi. Zanen nan yana can sama, ya fi taƙi guda tsakaninsa da bakin bindiga. Na kifa ta na girgiza, ya ƙi fitowa.

Gumi ya keto mini. Cikin duk bidiyon da na kalla abu ɗaya ne ya zauna mini: in harsashi ya maƙale bai kai kan albarushi ba, aka harba, bututun na iya fashewa a fuskar mai harbi.

"An gama?" in ji Baba da suka dawo.

"An gama, Baba." (E, na sani. Ku zage ni, na cancanta.) Lissafina shi ne wataƙila birai ba za su zo ba, in mun kama hanyar gida sai in lallaɓa in faɗa masa.

Ko minti biyar ba a yi ba Malam Ɗanjuma ya yi raɗa, "Ga su can!" Baba ya karɓe bindiga, ya ɗana ta, ya durƙusa, ya kwantar da kumatunsa a jikinta. Kumatunsa fa! Na hango kaina tsaye a asibiti ina gaya wa matata yadda aka yi mahaifinta ya rasa ido. Yatsansa na kaiwa kan kunamar bindigar sai ji na yi na yi tsalle.

"Baba kar ka harba!"

Muka zube tare, rim! Hularsa ta yi gabas, bindiga ta yi yamma, kuma Allah cikin ikonsa ba ta tashi ba. Birai suka arce, kowanne da masararsa a hannu.

"Innalillahi! Maciji ne?" in ji Baba daga ƙarƙashina.

Wallahi na so a ce maciji ne. Na ɗaga shi, na durƙusa, na zayyana komai tun daga ƙaryar jiya. Malam Ɗanjuma ya kwance ɗanin, ya zura sanda ya ga inda ta tsaya, sai ya yi salati. A karon farko ranar nan bakinsa ya mutu. Baba ya karɓe ta daga hannunsa. Ya kwance bayan bindigar, ya zubar da albarushi, suka taru su biyu suka tunkuɗo harsashin da ƙyar. Malam Ɗanjuma ya ɗaga shi sama ya ce, "Ango, ka sa wa ƙato rigar sanyi, ka ce ya bi ta taga!" Ya dinga dariya har da riƙe ciki.

Ni Baba nake jira. Ya shafa ƙugunsa, ya shafa fuskarsa a hankali, sannan ya ce, "Ƙugu zai warke. Ido kuwa ba a sayar da shi a kasuwa. Alhamdulillahi. Tashi, ɗauko mini hulata."

Ban taɓa jin sanyi a raina irin na lokacin ba. Har hawaye na yi, na ce ƙasa ce ta shiga mini ido.

Abin da na koya shi ne, kunyar cewa "ban iya ba" ta minti ɗaya ce, wadda na saya a madadinta kuwa har yau ana ba da labarinta a kowane taron suna na dangi. Baba bai daina zuwa gona da ni ba, sai dai aikina yanzu riƙon butar shayi ne. Kuma duk lokacin da ya ɗaga bindiga, sai ya waiwayo tukuna ya ce, "Malam, dawo nan gefe inda nake ganinka."