Furen da Na Dasa wa Surukaina

Laifina ne, na amsa. Shekarar da wayar hannu ta shigo Jos ina sabon ango, na ga wani fure ruwan ɗorawa a bakin hanyar Rikkos, na rantse shi ne wanda ake tatsar man girki daga 'ya'yansa. Na tuge goma na dasa a bayan gidan surukaina.

"Ka tabbata, Malam?" in ji surukina.

"Baba, a littafi na gani. Baɗi kun daina sayen mai."

Ashe ciyawa ce. Cikin damina biyu ta cinye fegin alayyahon surukata. Mai kuwa, ko ɗigo ba mu gani ba.

Har yau, duk Sallah sai surukar tawa ta aiko mini matata da galan ba komai: "Ki ce wa Injiniya a cika mana."