Rasuwar Mai Riƙon Salansa

Da zuciya mai cike maƙil da baƙin ciki, ni da iyalina muke sanar da 'yan uwa, maƙwabta da duk wanda motata ta taɓa tayarwa daga barcin rana, rasuwar dattijon ƙarfen nan da muke kira Mai Riƙo. Ga wanda bai san shi ba, wani ɗan zoben ƙarfe ne mai noti biyu, wanda ya riƙe mahaɗar bututun salansar motata shekara goma sha ɗaya. Ya cika ranar Talata da la'asar, a hannun surukina, a gefen titi.

Marigayin bai fito daga babban gida ba. Yayana, wanda bakanike ne, shi ya tsinto shi a cikin tarkacen garejinsa, ya kankare masa tsatsa, ya yanko gefen gwangwanin madara ya naɗa a bakin bututun don zoben ya sami abin kamawa. A lokacin motar tasa ce. Da Allah Ya karɓi ran Yaya, shekara tara ke nan, motar ta dawo hannuna tare da sifanar ɗaure noti mai lamba goma sha uku da ƙa'idar kula da Mai Riƙo.

Ƙa'idar ba ta da yawa. Yaya ya ce ƙarfe idan ya ji zafi miƙewa yake yi, idan ya huce ya koma, kuma wannan kai-da-kawowar ce take kwance noti. Don haka ba a taɓa shi sai inji ya kwana ya huce. A juya notin dama rabin juyi, a juya na hagu rabin juyi, a tsaya nan, a bar masa wurin numfashi. Duk safiyar Asabar nake shimfiɗa kwali in shige ƙarƙashin mota da wannan tumbin nawa, matata tana tsaye tana yi mini albishir cewa wata rana sai an kira mutane sun jawo ni ta ƙafa.

Muna shaidar marigayin da haƙuri. Ya sha hayaƙi, ya sha taɓo, ya sha dukan kowane tudun rage gudu da ke garin nan, bai taɓa sakin amanar da aka ba shi ba. Sau ɗaya ne ya yi sanyin jiki, lokacin da na yi tafiyar sati uku, salansa ta sunkuyar da kai ƙasa, amma ko a ranar bai bari ta taɓa kwalta ba. Aibinsa ɗaya, kuma ba za mu ɓoye ba tunda kowa ya sani: ba ya iya yin shiru. Idan an tayar da mota sai ya ce kar-kar-kar. Idan an hau tudu, tar-tar-tar-tuf. A kwana kuwa yana da wata 'yar ƙara, ƙiriring, kamar an saki cokali a cikin kofi. Mai shagon bakin layinmu da ita yake sanin lokacin rufe shago ya yi.

Rashin lafiyar ajali ta faro da damina, da tsatsa ta ci zaren notin hagu. Ina lallaɓa shi, rabin juyin ma na mai da shi kwata. Sai ranar Talata surukina, mijin babbar 'yata, ya ari motar zai kai takardu wurin aiki. Yaron kirki ne, mai ladabi, irin waɗanda ba sa iya ganin abu yana motsi su ƙyale shi. Ya ce a hanya mutane suna ta waiwayensa, kunya ta kama shi a madadina. Ya tsaya, inji na tafasa, ya ari sifana wurin mai faci, ya zura mata dogon bututu don ƙarin ƙarfi, ya danna da iyakar abin da Allah Ya hore masa. Waɗanda suke wurin sun ce kalmar ƙarshe ta marigayin ita ce ƙas.

Daga nan ya wuce wurin mai walda, aka liƙe mahaɗar gaba ɗaya. Ya dawo mini da mota tana tafiya shiru kamar mara gaskiya, ya durƙusa, ya miƙo mini gawar a cikin leda yana murmushi. Na ce Allah Ya yi albarka. Me mutum zai ce wa mijin 'yarsa?

Marigayin ya bar salansa ɗaya, robobi biyu masu ratayarta, ɗaya ma a tsage, sifana da kwalin da ya ɗauki siffar bayana. Ya kuma bar mahaifiyata, kuma a nan ne abin ya daina ba ni dariya.

Inna ta daina gani shekara shida da suka wuce. Kullum da yamma tana zaune a bakin tagar ɗakinta, kuma tun daga kwanar layi take jin ƙiriring ɗin nan, ta ce wa ƙanwata a ɗora shayi. Ban taɓa shiga na tarar da ruwan bai tafasa ba. Ranar Laraba na faka a ƙofar gidanta, na shiga har tsakiyar ɗaki, tana fuskantar taga, buta a sanyaye. Ina tsaye a bayanta na ji tana cewa, “Yau bai zo ba.”

Na ce ga ni, Inna. Ta laluba hannuna ta riƙe, ta tambaye ni ina motar Yayana. Na ce tana waje, gyara aka yi mata. Sai ta gaya mini abin da ba ta taɓa gaya mini ba: shekara tara, duk ranar da ta ji ƙarar nan daga kwana, kafin ta tuna ni ne, tana samun numfashi ɗaya da take zaton shi ne ya dawo. Na fita na zauna a cikin motar da ba ta ƙara, na yi kuka.

Saboda haka ga yadda za a yi jana'iza. Ranar Asabar da ƙarfe bakwai na safe, kafin inji ya yi zafi, za a yi wa mamacin wanka da kananzir a ƙofar gidan Inna. Ba za a binne shi ba. Za a rataye shi da waya a gefen bututun, tazarar yatsa biyu, inda zai riƙa taɓa ƙarfe idan mota ta motsa. Mai walda ya aiko da ta'aziyya, mun karɓa, amma ya yi zamansa. Surukina zai halarta, an ba shi aikin riƙe kwali, kuma ana roƙon jama'a kada kowa ya miƙa masa sifana ko da ya nema da ladabi.

Bayan an rataye shi zan zagaya layi in shawo kwana, Inna tana bakin taga. Idan ba ta ji daidai ba, a matsa waya in sake zagayawa. Masu zuwa su zo da haƙuri da abin zama, don ba za a tashi ba sai ta ce a ɗora shayi.