Kekunan da Suka Kayar da Rumfar Surukina

Ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren ƙanen matata ba. Ko na so mantawa ma, mutanen Gurbin Bore ba za su bar ni ba.

Ni ɗan Ƙaura ne, hatsi nake sayarwa, boko kuwa a aji huɗu muka yi sallama da shi. Shekara ashirin ina auren Hajara, amma mahaifinta Malam Bawa bai taɓa ɗaukata mutum mai natsuwa ba. Ba ya zagi. In na durƙusa na gaishe shi sai ya ce, "Madalla, an iso?" ya juya ya ci gaba da ba akuyarsa dusa. Har labari ya zo mini wai ya ce ni mutum ne mai son a gani. Ni! (To, ku dai bi ni a hankali.)

Da fetur ya yi tsada, tsohon ya jingine babur ya koma takawa zuwa gona, ga ciwon gwiwa. Na ce yawwa, ga inda zan wanke kaina. Na je kasuwar Shinkafi na sayo kekuna biyu sababbi fil, ɗaya nasa, ɗaya na ango. Cikin 'yar motata kuwa buhunan geron biki sun cika ta, dole sai an yi mata kariya, wato abin ɗora kaya, a sama.

Na je wurin Sani mai walda. Ya ce zai yi mini shimfiɗaɗɗiya irin ta kowa, in kwantar da kekunan in ɗaure da roba. Sai na zaro waya na nuna masa wani hoto: mota ce ta Turawa, kekuna a kanta tsaye cak kamar sojoji a fareti.

"Alhaji," in ji Sani (ban je Makka ba, duk wanda ya kawo masa aiki Alhaji ne), "wagga ba ta hanyarmu ba ce. Su can babu reshe, babu igiyar shanya. Ka kwantad da su."

Na ce, "In na kwantar da su, wa zai gani?"

Kun ji fa. Da bakina na faɗa, kuma ko a jikina.

Ya yi mini ita yadda nake so, da ramin taya da maƙalin ƙarfe. Da zan tafi ya ce, "Ka riƙa tuna motarka ta ƙara tsawo." Na ce masa tun yana tallan gyaɗa nake tuƙi.

Ranar biki na kama hanya da hantsi. A shingen da ke kusa da Zurmi wani soja ya zagaya motar sau biyu, ya tambaye ni ko tsere za ni. Na ɗauka yabo ne, har da yi masa godiya. Hajara, da ta riga ni tafiya da kwana uku, ta kira ni ta ce, "Malam, ka aje motar gindin tsamiyar nan kamar kullum, ka tako da ƙafa." Haka ake yi, kowa ya sani. Suruki ba ya kutsa mota gaban manya. Daga nesa zai tsaya, ya tuɓe takalmi, ya ƙaraso a sunkuye. Amma tsamiyar tana bayan masallaci, kuma babu mai ganin keke ta cikin bango.

Sai na wuce ta.

An kafa rumfar haya a ƙofar gida, irin mai sandunan ƙarfe da tamfol, an ja igiyarta ta ƙetare hanya zuwa wata bishiyar dogon yaro. Jama'a cike, liman ya ce a yi fatiha, kowa ya ɗaga hannu. Na lallaɓo a hankali, na auna igiyar da ido, na ga mota za ta wuce. Kuma wallahi motar ta wuce. Kekunan ne ba su wuce ba.

Na ji an ja ni baya, sai na ƙara wuta (wannan ma hikimata ce). Sandunan suka zube ƙaram-ƙaram, ɗaya ya soki tayar keken ango, ta ce fau!

Wanda ya san yankinmu da 'yan bindigarsa ya san ba a tsayawa binciken irin wannan ƙarar. Wani ya ƙwala, "Ga su nan!" Shi ke nan. Ango ya bi ta cikin garken tumaki da sabuwar shaddarsa. Malam Bawa mai ciwon gwiwa, da idona na gan shi ya haye danga ko taɓa ta bai yi ba. Kafin in kashe mota fili ya zama daga ni sai takalma da goro a ƙasa, sai liman da ke rarrafe ƙarƙashin tamfol yana salati.

Da aka fara dawowa ɗaya-ɗaya, na rasa abin yi, sai na tuɓe takalmi na durƙusa a gefen taya. Ladabin da ya kamata in yi tun daga tsamiya ya iso a makare.

Malam Bawa ya zo, rigarsa duk ƙarangiya. Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon kekunan, ɗaya ya lanƙwashe, ɗaya na reto.

"Waɗanga na wa ne?"

"Naka ne, Baba, da na ango."

"Madalla. Mun gani. Kowa ya gani." Ya cire ƙarangiya guda daga hannun riga. "Shekara uku ban san ƙahwata na gudu ba sai yau. Ka ga ashe ba ni buƙatar keke."

An sake ɗaura auren, amma sai da liman ya sa aka karɓi makullin motata tukuna.

Washegari na koma wurin Sani. Bai yi dariya ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ɗauko abin yankan ƙarfe ya ce, "Kwance ko tsaye, Alhaji?"

Yanzu in na je gaida tsohon, gaisuwata ta samu ƙari: "An iso? Mi anka ɗoro muna yau?" Abin da na koya kuwa bai da yawa. Duk abin da zan kai gidan surukai, ko tabarma ce, kwantar da ita nake yi, motar kuma ta san gindin tsamiya.