Ranar da Tiyo Ya Sa Aka Yi Mini Kalmar Shahada

Ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren ƙanin matata ba, ko da na so, dangi ba za su bar ni ba.

Ni mutum ne mai minshari, irin wanda numfashi ke ɗaukewa cikin barci. Likita a Yamai ya haɗa ni da na'ura mai hura iska: ɗan akwati mai mazubin ruwan ɗumi, da dogon tiyo, da takunkumin da ake ɗaurawa a hanci. Ta yi mini rana ƙwarai. Amma ban da matata babu wanda ya san da ita a Gaya. Ina da manyan motoci biyu masu tsallaka iyaka zuwa Malanbil, a ce surukai su gan ni da hancin giwa? Allah ya kiyaye.

Ranar bikin, surukaina na Bengu suka cika gidana. Bayan azahar na ci shinkafa da kifi har na kasa motsi, sai na sulale ɗakin baƙi. Na ƙure sabon kilim ɗina mai sanyaya ɗaki (don duk wanda ya wuce ƙofa ya ji sanyi, ya san 'yarsu ba ta auri talaka ba), na ɗora na'urar can saman kabad inda ido ba zai kai ba, na ɗaura takunkumi, na ja bargo har ka.

Ashe iska mai ɗumi in ta ratsa tiyo mai sanyi, raɓa take zama. Ruwa ya taru, iska na bi ta cikinsa, ƙara na tashi: ƙurrr, ƙurrr.

Kawu Idi, yayan surukata, ya shigo neman tabarmar salla. Dattijo ne da ya sha zama a kan masu barin duniya, ya san kakarin mutuwa in ya ji shi. Bai ɓata lokaci ba, ya tara maza.

Ni dai cikin barci na ji murya a kunnena: "La ilaha illallah. Faɗi, ɗana, faɗi!" Wani ya yaye bargon, ya taɓa tiyon, ruwan nan duka ya gangaro cikin hancina. Na zabura zaune, na fizge takunkumi, na watsa atishawa a kan babbar rigar Kawu. Mutum biyu suka yi waje da gudu, ɗaya ko takalmi bai ɗauka ba.

Matata ta leƙo, ta ce, "Kawu, ai injin minsharinsa ne." A gaban kowa! Na ji kunyar da ban taɓa ji ba.

Kawu ya share rigarsa, ya dube ni, ya ce, "To, sannu da dawowa."

Da na kira likita, sai da ya gama dariya sannan ya ce in ajiye na'urar ƙasa da gado, in naɗe tiyon da zane, in rage ɗumin ruwan, in daina mai da ɗaki firjin.

Duk na bi, ruwa bai sake taruwa ba. Abin da na ƙara da kaina shi ne, duk gidan da zan kwanta yanzu, ni ke fara fito da na'urar in nuna wa mai gida. Ina ce masa, "In ka ji ƙara, duba tiyo tukuna kafin ka kira liman."